Katangar tsaro ta kulle ofis bayan sabunta Debian: matsala biyu da suka ɓoye juna

Na'urar da ake magana a kai kwamfuta ce guda ɗaya a ɗakin sabobin wani matsakaicin ofis. Ita ce katangar tsaron ofishin, wato firewall. Debian, wani nau'in tsarin Linux, take ɗauke da shi, kuma duk saƙon da zai tsallaka daga wani ɓangare na ofishin zuwa wani sai ya ratsa ta cikinta. Ƙofofin sadarwa uku gare ta. Ta farko, `eno1`, a jikin babban allon na'urar take, ita ke fita intanet. Sauran biyun suna kan wani kati da aka soka a ramin PCI: `enp3s0f0` tana kallon kwamfutocin ma'aikata a kan 10.0.10.0/24, `enp3s0f1` kuma tana kallon ɓangaren sabobi a kan 10.0.20.0/24, inda sabar fayiloli da ta DNS (mai fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi) da manhajar lissafin kuɗi suke zaune. Akwai kuma `wg0`, hanyar WireGuard da masu aiki daga gida ke shigowa ta cikinta. systemd-networkd ne ke raba wa ƙofofin adireshi, nftables ke tace abin da zai wuce, kuma hukuncin ƙarshe a sarƙar `forward` shi ne `policy drop`, wato duk abin da ba a ambace shi ba a jefar da shi.

Debian 13 ya fito ran 9 ga Agusta 2025. Bayan wani lokaci sashen kwamfuta na ofishin ya yanke shawarar ɗaga na'urar daga Debian 12 zuwa gare shi, abin da ke nufin kanel, wato zuciyar tsarin, ya tashi daga 6.1 zuwa 6.12, systemd kuma, mai tayar da na'ura da kula da ayyukanta, daga 252 zuwa 257. Ƙaramin ma'aikacin sashen aka ɗora wa aikin, ya yi shi a ƙarshen mako lokacin da babu kowa. Ya kwafe dukan `/etc` ya ajiye, `apt`, mai sabunta manhajoji, ya gama aikinsa ba ƙorafi, aka sake kunna na'ura ta tashi lafiya. Ya shiga ta SSH, hanyar sarrafa na'ura daga nesa. Ya duba adireshi, kowace ƙofa na da nata. Daga kan na'urar ya aika ping, ɗan saƙon gwaji mai neman amsa, zuwa sabar fayiloli, ta amsa. Zuwa wata firinta a ɓangaren ma'aikata, ta amsa. Ya yi `apt update`, intanet na nan. `systemctl status nftables` ya nuna an ɗora dokoki babu kuskure. Ya rubuta cewa aiki ya kammala.

Gwaje-gwajen nan duk gaskiya suka faɗa, amma abu ɗaya ya haɗa su: kowane daga jikin na'urar ya taso ko kuma a jikinta ya ƙare. Babu ko ɗaya da ya shiga ta wata ƙofa ya fita ta wata, alhali wannan ne ainihin aikin da aka ajiye ta dominsa.

Safiyar Litinin

Ma'aikata na zama aka fara kira. Shafukan intanet ba sa buɗewa, fayilolin da ake rabawa sun ɓace, manhajar lissafi sai juyawa take yi. Da yake burauza na cewa ba ta gane sunan shafi ba, zargi ya fara sauka a kan DNS. Wannan bai daɗe ba, domin da aka kira sabar da lambarta kai tsaye, 10.0.20.5, shiru kake ji. Ke nan ba fassarar suna ce ta lalace ba, hanyar zuwa wurin mai fassarar ce ta toshe.

Abin da ya rikita ma'aikacin shi ne wani gwaji da ya yi daga kwamfutar wata ma'aikaciya. Ping zuwa 10.0.10.1 ya yi. Ping zuwa 10.0.20.1 ma ya yi, kuma wannan adireshi ne na ɓangaren sabobi. Sai ya ɗauka fakiti, wato ƙunshin saƙon da ke yawo tsakanin kwamfutoci, na tsallakawa, matsalar a wajen sabobin take, har ya je ya duba suwic ɗinsu da wayoyinsu. Amma 10.0.20.1 adireshin ita katangar ce da kanta. Linux na amsa kiran duk adireshin da yake nasa, ta kowace ƙofa kiran ya shigo, kuma irin wannan fakiti ta sarƙar `input` yake bi, ba ya kusantar `forward`. Amsar da ya samu ba ta tabbatar da komai game da tsallakawa ba. Wannan gwaji ya sha yaudarar mutane, har da waɗanda suka daɗe a aikin.

Daga nan ya yi abin da kowa ke yi idan ana zargin katangar tsaro: ya buga `nft flush ruleset`, ya share dokoki kaf, ya sake gwadawa. Ko gezau. Tunda babu doka ko ɗaya kuma har yanzu ba a wucewa, sai ya wanke dokokin tas, ya mayar da su da `systemctl restart nftables`. A ganina wannan mataki ne da bai dace a ɗauke shi da sauƙi ba a kan na'urar da ƙofarta ɗaya ke fuskantar intanet kai tsaye, domin a tsawon mintunan nan duk wata tasha da ke saurare a kanta a buɗe take ga duniya. Ga shi kuma sharewar na tafiya da dokar `masquerade`, wadda ke ara wa kwamfutocin ciki adireshin katangar idan za su fita intanet, don haka ko da hanya ta buɗe, kwamfutocin ciki ba za su samu amsa daga intanet ba.

Bayan ɗan bincike ya tuna da saitin turawa, wanda ke ba na'ura damar miƙa fakiti daga wata ƙofa zuwa wata, ya duba `sysctl net.ipv4.ip_forward`, ya ga sifili. Ya mayar da shi 1 da `sysctl -w`, ya koma kwamfutar ma'aikaciyar, har yanzu babu. Sai ya ce ashe wannan ma ba shi ba ne, ya kashe na'urar ya kunna ko za a dace. Abin da aka saita da `sysctl -w` kuwa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zama, kashewa na tafiya da shi. Na'ura ta dawo da sifilinta.

A cikin 'yan mintunan da saitin yake 1, wani ma'aikaci da ke aiki daga gida ya turo saƙo cewa fayiloli sun dawo, an gode. Jim kaɗan ya sake turowa cewa sun kuma ɗaukewa. Ba wanda ya kula, an ɗauka layinsa ne ke rawa. Alhali wannan saƙo shi ne shaida mafi ƙarfi da aka samu a duk safiyar.

Bin sawun fakiti ɗaya

Da babban injiniyan sashen ya iso, ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya ce, "To, malam, kada mu ƙara canza komai tukuna. Ka bar ping yana tafiya daga kwamfuta ɗaya, mu ga inda yake mutuwa."

Aka bar 10.0.10.23 tana kiran 10.0.20.5 ba tsayawa. A kan katangar ya buga `tcpdump -ni any icmp`, umarnin da ke nuna fakitin da ke shiga da fita. Layuka suka fara zubowa, kowane daƙiƙa ɗaya, dukansu iri ɗaya:

`ens2f0 In IP 10.0.10.23 > 10.0.20.5: ICMP echo request`

Akwai `In`, babu `Out`. Fakiti na isowa, ba ya fita. Wannan kaɗai ya sallami wayoyi da suwic da sabobi daga zargi. Idonsu duka yana kan neman kalmar `Out`, shi ya sa sunan da ke farkon layin ya wuce su a wannan karon.

Saura a san a wane mataki cikin na'urar fakitin ke faɗuwa. A nan tsarin dokokin ofishin ya taimaka, domin wanda ya rubuta su ya saka `counter` a kowace doka, ya kuma ajiye wata ta ƙirga kawai a ƙasan sarƙar, dab da hukuncin jefarwa. `nft list chain inet filter forward` ya nuna sifili daga sama har ƙasa, har da ta ƙarshen. Da a ce dokoki ne ke jefar da fakitin, dole wata lamba ta motsa a wani wuri. Tunda babu wadda ta motsa, fakitin bai ma iso gaban dokokin ba. Ya tabbatar da haka da `nstat -az IpInAddrErrors`: lambar na hawa. Idan turawa a kashe take, kanel na ɗaukar duk fakitin da ba adireshinsa ke jiki ba a matsayin wanda ya yi ɓatan kai, ya jefar da shi tun a matakin zaɓen hanya, ya ƙirga shi a nan, kuma ba ya mayar wa mai aikowa da wani saƙon kuskure. Shi ya sa share dokoki bai canza komai ba.

Me ya kashe turawar? A kwafin `/etc` da aka ajiye, layin `net.ipv4.ip_forward=1` yana cikin `/etc/sysctl.conf`, inda aka saba rubuta shi shekara da shekaru. A Debian 12 akwai wata mahaɗa, `/etc/sysctl.d/99-sysctl.conf`, da ke nuni zuwa wannan fayil, ta nan systemd-sysctl ke karanta shi lokacin tashi. A Debian 13 systemd-sysctl ya daina karanta `/etc/sysctl.conf`, saitin gida sai a cikin `/etc/sysctl.d/`. Ba ɓoyayyen abu ba ne, an rubuta shi ƙarara a bayanan fitowar sigar. Injiniyan ya ƙirƙiri `/etc/sysctl.d/90-turawa.conf`, ya zuba layin a ciki, ya buga `sysctl --system`.

Ma'aikacin ya ce, "Injiniya, ai na gwada wannan ɗazu, bai yi ba."

Ya ce, "Bai yi ba, ko bai isa ba? Na'urar da aikinta turawa ne, sifili a nan kuskure ne ko da gyara shi bai buɗe hanya ba. Mu bar shi a gyare, mu sake duba lambobin."

Ping ɗin bai samu amsa ba har yanzu, amma hoton ya canza. `IpInAddrErrors` ya tsaya cak. A sarƙar `forward` kuwa lambobi sun fara motsi, sai dai a wurare uku kawai: dokar `ct state established,related`, da dokar `iifname "wg0" ip daddr 10.0.20.0/24 accept`, da kuma mai ƙirgan ƙarshe, wanda ke gudu da dubbai. Duk dokar da ke ɗauke da `enp3s0f0` ko `enp3s0f1` tana nan a sifili. Mai aiki daga gida ya sake turo saƙo cewa fayiloli sun dawo. Yanzu an gane abin da ya faɗa da safe: dokarsa sunan `wg0` da adireshi kawai ta ambata, ba ta dogara da sunan katin ba.

Don kada a tsaya a kan zato, injiniyan ya sa kanel ya ba da labarin fakitin da bakinsa. Ya buɗe wani teburi na wucin gadi, wanda ba ya karɓa ba ya jefarwa, alama kawai yake sakawa:

`nft add table inet bincike`
`nft add chain inet bincike shiga '{ type filter hook prerouting priority -350; }'`
`nft add rule inet bincike shiga ip saddr 10.0.10.23 icmp type echo-request meta nftrace set 1`
`nft monitor trace`

Sakamakon ya nuna fakitin a sarƙar `forward` da `iif "ens2f0"` da `oif "ens2f1"`, ya wuce duk dokokin izini babu wadda ta kama shi, ya ƙare a `policy drop`. Ƙofofin sun canza suna.

Yadda suna ya canza ba a lura ba

Ma'aikacin bai yarda nan take ba, kuma yana da hujja. Ya buga `ip addr show enp3s0f0` a gaban injiniyan, ga bayani ya fito, ga 10.0.10.1 a jiki. Ta yaya za a ce sunan ya ɓace? Sai aka karanta abin da ya fito a tsanake. Layin farko `ens2f0` ya ce. Can ƙasa, a wani ɗan gajeren layi, aka ga `altname enp3s0f0`.

A nan gizo ke saƙar, kuma ya cancanci a tsaya a kai. Tun systemd 197, a 2013, ake raɗa wa ƙofofin sadarwa suna daga matsayinsu a jikin na'ura maimakon `eth0` da `eth1` da kan iya musanya wuri. `eno` na nufin ƙofar da ke jikin allo, `ens` na ɗauke da lambar ramin da aka soka katin, `enp` kuma na ɗauke da matsayinsa a layin PCI. Akwai fifiko a tsakaninsu: idan an san lambar rami, `ens` ke cin `enp`. A tsarin raɗa suna na 252, udev, ɓangaren systemd da ke raɗa sunan, bai samo lambar ramin wannan kati ba, sai ya koma ga `enp3s0f0`. Tsarin 257 ya fara karanta lambar ramin daga wani bayani da manhajar allon ke bayarwa ta ACPI, mai suna `_SUN`. Allon wannan na'ura na bayar da shi, don haka katin ya tashi da sabon suna. `eno1` bai motsa ba saboda nasa sunan daga wani tushe yake.

Tsohon sunan bai mutu ba, ya koma laƙabi. Umarnin `ip` na amsa laƙabi. systemd-networkd ma haka: layin `Name=enp3s0f0` a sashen `[Match]` na kama ƙofa ko da ta laƙabinta ne, shi ya sa adireshi suka hau daidai, ba a ga alamar komai ba. `iifname` da `oifname` na nftables kuwa ainihin sunan ƙofa kawai suke gwadawa, harafi da harafi. Kamar mai gadi ne da aka ba takardar sunayen waɗanda za su shiga: kowa a gidan ya san mutum da laƙabinsa, amma shi abin da ke jikin katin shaida yake dubawa, idan bai dace da takarda ba, ba shiga.

Kuma nftables ba zai yi ƙorafi ba, domin `iifname` ba ya tambaya ko akwai ƙofa mai wannan suna a lokacin da ake ɗora dokoki. Da gangan aka yi shi haka, saboda ƙofofi irin su `wg0` da ba sa wanzuwa sai bayan an ɗora dokokin. Ko `nft -c -f /etc/nftables.conf` ba zai kama wannan ba, tunda rubutun ba shi da aibi. Akwai ɗan'uwansa `iif`, wanda ke neman lambar ƙofa tun lokacin ɗorawa, idan bai same ta ba ya ƙi. Wasu na ganin ya fi, tunda yana ihu. Ni ban yarda ba a kan irin wannan na'ura. nftables na ɗora fayil ne gaba ɗaya ko ya bar shi gaba ɗaya, don haka layi ɗaya da ya ƙi a lokacin tashi na iya barin katanga babu doka ko ɗaya. Ofis da ya wuni a kulle asara ce da ake gani ana gyarawa. Katangar da ta tashi a buɗe kuwa tana iya yin makonni ba wanda ya sani.

Idan aka haɗa biyun, za a ga dalilin da ya sa safiyar ta tafi a banza duk da cewa ma'aikacin ya taɓa wuraren da suka dace. Lokacin da ya share dokoki, turawa a kashe take. Lokacin da ya kunna turawa, dokoki sun dawo da tsofaffin sunaye. Kowane gwaji ya cire shinge ɗaya ya bar ɗaya, kuma da yake ma'auninsa ɗaya ne tak, wato ping ya amsa ko bai amsa ba, sakamakon bai taɓa canzawa a idonsa ba. Lambobin ƙirga ne suka nuna cewa wurin da fakitin ke mutuwa ya matsa gaba, duk da cewa har yanzu mutuwa yake yi.

Gyara

Don mutane su koma aiki, aka fara da mafi sauri: aka musanya sunayen a `/etc/nftables.conf` zuwa `ens2f0` da `ens2f1`, aka duba rubutun da `nft -c`, aka ɗora. Layin `Out` ya bayyana a tcpdump, amsa ta biyo baya, aka goge teburin `bincike`.

Gyaran dindindin sai da yamma. Hanyoyi biyu aka tattauna. Ana iya saka `net.naming_scheme=v252` a layin umarnin kanel, tsofaffin sunaye su dawo yadda suke. Yana aiki, amma ɗage matsalar ne zuwa ranar da wani zai canza kati ko ya share layin bai san dalilinsa ba. Aka zaɓi ta biyu: ofis ya raɗa wa ƙofofinsa suna da kansa. Aka rubuta fayil ɗin `.link` ga kowace ƙofa a `/etc/systemd/network/`, ana kama ta da adireshinta na MAC, lambar da ta zo da ita a jikinta, aka kira ɗaya `lan0`, ɗaya `srv0`, ta intanet `wan0`. An guji suna mai kama da `eth0` da gangan, domin kanel na amfani da irinsa tun farkon tashi, ana iya yin karo.

Akwai tarko a wannan mataki da injiniyan ya tare tun kafin a faɗa. udev fayil ɗin `.link` na farko da ya dace da ƙofa kawai yake bi. Da zarar naka ya kama ta, `99-default.link` ya fita, kuma shi ne ke samar da laƙuban nan. Ke nan `enp3s0f0` zai ɓace ɗungurungum, fayilolin `.network` da ke rayuwa a kan laƙabin su rasa abin kamawa, na'ura ta tashi babu adireshi, SSH ma ya gagara. Saboda haka aka gyara su a zama ɗaya, aka buga `update-initramfs -u` don sunayen su kama tun farkon tashi, kuma aka yi aikin a gaban na'urar da allo da madannai a jone. A `nftables.conf` kuma aka tattara sunayen a sama da `define`, ta yadda kowane suna wuri ɗaya yake a fayil ɗin.

`grep -r enp3s0 /etc` ya tono sauran wuraren da tsohon sunan ya maƙale: wani rubutun da ke auna yawan zirga-zirga, wanda tun ranar sabuntawa sifili yake bayarwa, da wata dokar rage gudu ta `tc`. Aka gyara su. A takardar matakan sabuntawa ta sashen aka ƙara abu biyu. Na farko, bayan `apt` ya gama kuma kafin a sake kunnawa, a buga `udevadm test-builtin net_setup_link` a kan kowace ƙofa, a duba `ID_NET_NAME`, domin a nan ake ganin sunan da za ta tashi da shi. Na biyu, gwajin kammala aiki daga kwamfutar ma'aikata za a yi shi, a kira saba a ɗaya ɓangaren da lambarta, sannan da sunanta, sannan a fita intanet.

Aka sake kunna na'urar. `ip_forward` ya tashi a 1 da kansa, `lan0` da `srv0` da `wan0` suka ɗauki adireshinsu, 10.0.10.23 ta samu amsa daga 10.0.20.5, kuma mai ƙirgan ƙarshen sarƙar ya koma tafiyarsa ta da, yana ɗaukar 'yan fakitin da dama bai kamata su wuce ba.